Darasi na 14: Kek ɗin Cakulan Maras Ƙwai da Madara a Bukit Jalil

Manufar Darasi

Wannan darasi ya ƙunshi karatu a kan wani irin kek na cakulan wanda ake yi ba tare da ƙwai ko madara ko bota ba, sa'an nan a lulluɓe samansa da markaɗaɗɗen mangwaro. Ana fata idan ɗalibi ya kammala darasin zai iya bin bayanin girki da Hausa, ya kuma rubuta nasa. Bayan karatu akwai ma'anar kalmomi da nahawu da tambayoyi.

KARATU

1. Unguwa ɗaya, al'ummu da yawa

Bukit Jalil unguwa ce a kudancin Kuala Lumpur, babban birnin ƙasar Malesiya. Kalmar "bukit" a harshen Malay tana nufin tudu. Har zuwa farkon shekarun 1990 wurin gandun itatuwan roba ne, daga baya gwamnati ta zaɓe shi domin gina filayen wasanni na ƙasa. A shekarar 1998 aka buɗe babban filin wasa mai ɗaukar 'yan kallo fiye da 80,000, kuma a watan Satumba na wannan shekara aka yi wasannin ƙasashe renon Ingila a cikinsa. A yau unguwar cike take da dogayen gidajen haya da kantuna, kuma a nan jami'ar IMU ta koyon aikin likita take, haka ma jami'ar APU ta fasaha. Ɗalibai daga ƙasashe da dama suna karatu a waɗannan jami'o'i, ciki har da 'ya'yan Hausawa daga arewacin Nijeriya.

A al'adar Bahaushe abin kunya ne mutum ya ci abinci a gaban wani bai yi masa tayi ba, kuma ranar Salla ba a barin maƙwabci ba a kai masa kwano ba. To, amma a wuri irin Bukit Jalil tayi yana da wuyar sha'ani. Ƙidayar jama'a ta 2020 ta nuna cewa kashi 63.5 cikin ɗari na mutanen Malesiya Musulmi ne, kashi 18.7 mabiya addinin Buda, kashi 9.1 Kirista, kashi 6.1 kuwa mabiya addinin Hindu. Musulmi ba ya cin alade, ba ya shan barasa. Yawancin 'yan Hindu ba sa cin naman shanu, wasunsu ma ba sa cin nama kowane iri, har da ƙwai. Daga cikin Sinawa mabiya Buda akwai masu barin nama a ranar 1 da ranar 15 ga watansu, akwai kuma waɗanda suka bar shi baki ɗaya. Ban da waɗannan, akwai mutanen da suka ƙaurace wa duk abin da ya fito daga jikin dabba, wato nama da kifi da ƙwai da madara, har zuma. A Turance ana kiransu "vegan", sunan da Donald Watson da abokansa suka ƙirƙira a Ingila a watan Nuwamba na 1944. Akwai kuma wanda jikinsa ne ba ya karɓar ƙwai ko madara, in ya ci sai ciwo.

Kek na yau da kullum yana ɗauke da ƙwai da bota da madara. Idan aka aika da shi gida biyar a bene ɗaya, mai yiwuwa gida biyu su karɓa don kara, su ajiye shi ba su taɓa ba. Wannan ne ya sa kek maras waɗannan abubuwa yake da amfani ga mazaunin irin wannan unguwa, ko da shi kansa mai cin nama ne.

2. Kowane abu da aikinsa

Wanda ya cire ƙwai da bota da madara daga cikin kayan kek, ya gasa abin da ya saura, dunƙulen fulawa mai tauri zai samu. Dalili kuwa shi ne kowane ɗaya daga cikin ukun nan yana da aikin da yake yi. Ƙwai yana riƙe kwaɓi don kada ya wargaje, kuma idan aka buga shi yakan kama iska wadda ke taimaka wa kek ya tashi. Bota tana kawo laushi, ita ma takan kama iska yayin da ake buga ta da sukari. Madara kuwa ita ce ruwan da ke jiƙa gari. Saboda haka duk wanda aka cire, tilas a sami wanda zai gaji aikinsa.

Aikin madara ruwa ne ke karɓarsa. Aikin bota kuwa man girki ne, kuma da yake mai ba ya daskarewa kamar bota, kek ɗin yakan kwana biyu bai bushe ba. Riƙe kwaɓi aikin fulawa ne da kanta: a cikin alkama akwai wani sinadari mai danƙo, shi ne ke sa kwaɓin gurasa ya riƙa miƙewa idan an ja shi, kuma sitacin garin yakan kumbura ya kama jikinsa idan ya ji wuta. Abin da ya saura shi ne tashi, kuma a nan ne girkin Hausawa yake da abin cewa.

Matan Hausawa sun daɗe da sanin abin da ke faruwa idan kanwa ta gamu da tsami. Idan ƙullun waina ya kwana ya yi tsami, akan zuba masa ɗan ruwan kanwa, nan da nan sai ya yi kumfa, tsamin kuma ya ragu. Haka ake yi wa miyar yakuwa don a kashe mata kaifi. Daga nan aka sami karin maganar da ke cewa, "Kanwa ta kar tsami, ƙwarnafi ya kwanta." Kanwa, wadda ake haƙowa a yankin tafkin Chadi da ƙasar Manga, tana ƙunshe da sinadari iri ɗaya da wanda ke cikin farar hodar da ake kira bekin soda. Idan wannan sinadari ya haɗu da abu mai tsami, kamar ruwan khal ko lemon tsami, sai iskar kabon ta fito a cikin ƙananan kumfa. Zafin wuta yakan faɗaɗa kumfan, kwaɓin kuma ya ƙafe a kewaye da su. Ƙananan ramukan da ake gani a cikin yankan kek gurabun wannan iska ne.

Duk da haka ba a sa kanwa a kek. Ƙarfinta ya bambanta daga dunƙule zuwa dunƙule, takan zo da yashi, kuma in ta yi yawa sai ɗaci. Bekin soda kuwa tatacciya ce, cokalinta na yau daidai yake da na gobe.

Wannan dabara ta girmi sunan "vegan". Ta yaɗu a Amurka a zamanin karayar tattalin arziki da ta fara a 1929, lokacin da ƙwai da bota suka fi ƙarfin talaka, ta kuma ci gaba a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da aka riƙa ƙayyade wa mutane abinci. Wato rashi ne ya haife ta. A ƙasar Hausa ma akwai kayan zaƙi na alkama da ba su bukatar ƙwai ko madara, alal misali alkaki, muddin a ruwan sukari aka tsoma shi maimakon zuma.

3. Koko da mai

Abubuwa biyu daga cikin kayan wannan kek sun haɗa Malesiya da Afirka ta Yamma. Na farko shi ne koko, wanda da shi ake yin cakulan. Asalin itacen daga nahiyar Amurka yake. A Gana ana tunawa da Tetteh Quarshie, wanda ya zo da irinsa daga tsibirin Fernando Po, ya shuka a Mampong a 1879. A Nijeriya kuwa da kuɗin koko aka gina dogon benen nan na Ibadan mai suna Cocoa House a 1965. Shekaru da dama Kwaddibuwa da Gana su kaɗai suka riƙa noma fiye da rabin kokon duniya.

Malesiya ma ta taɓa zama babbar mai noman koko. A 1990 ta girbe kimanin tan 247,000. Daga baya faɗuwar farashi da wata tsutsa mai huda 'ya'yan itacen suka sa manoma suka koma noman kwakwar manja, har ya zama a 2020 abin da ƙasar ta noma bai kai tan 1,000 ba. Sai dai masana'antun niƙa sun ci gaba da aiki, musamman a Pasir Gudang ta jihar Johor, suna sayo 'ya'yan koko daga waje, ciki har da Afirka ta Yamma. Saboda haka garin kokon da ɗalibi ɗan Nijeriya zai saya a kantin Bukit Jalil, ba mamaki a yankinsu aka noma shi.

Na biyu shi ne mai. Yawancin man girki a Malesiya daga kwakwar manja ake samunsa, an dai tace shi har ja da ƙamshinsa sun fita. Wannan itace ɗan asalin Afirka ta Yamma ne. An kai shi lambun Bogor a tsibirin Jaba a 1848, kuma gonar kasuwanci ta farko a Malesiya ita ce ta Tennamaram a jihar Selangor, a 1917. Tataccen mai irin wannan shi ya dace da kek, ko kuma man waken suya. Manja ɗanye ko man gyaɗa mai ƙamshin ƙuli sukan danne ɗanɗanon cakulan.

Wajen sayen koko akwai abin kiyayewa. Abin da ake bukata shi ne garin koko zalla. Kayan shayi irin su Milo, wanda mutanen Malesiya ke so kamar yadda 'yan Nijeriya ke sonsa, suna ɗauke da garin madara da sukari, don haka ba su shiga wannan kek. Garin koko zalla kuma iri biyu ne. Akwai wanda aka bari a yadda yake, mai ɗan tsami da launin ƙasa-ƙasa. Akwai kuma wanda aka kashe wa tsami da wani sinadari ɗan'uwan kanwa, dabarar da ta samo asali daga iyalin van Houten na ƙasar Holan, waɗanda suka fito da injin matse man koko a 1828. Wannan na biyu ya fi duhu, wani ma baƙi ƙirin. Tun da akwai ruwan khal a cikin kwaɓin, kowanne aka samu ya yi.

4. Yadda ake yin kek ɗin

Kayan haɗi, domin gwangwani mai faɗin santimita 20:

Fulawa, giram 200
Sukari, giram 180
Garin koko, giram 35
Bekin soda, cokalin shayi 1
Gishiri, rabin cokalin shayi
Man girki, mililita 80
Ruwa, mililita 240
Ruwan khal, babban cokali 1
Garin banila, kaɗan

Da farko a kunna obin a kai shi digiri 180 a ma'aunin Salsiyas. A shafa wa gwangwani mai, a barbaɗa masa ɗan garin koko. Wannan shi ake fara yi, domin da zarar an kwaɓa babu sauran lokacin jira.

Sa'an nan a tankaɗe fulawa da koko da bekin soda da gishiri a cikin babban kwano, a zuba sukari da banila, a gauraya sosai. A wani kwano dabam a haɗa ruwa da mai da ruwan khal.

Idan obin ya yi zafi, sai a juye ruwan a kan garin, a juya da muciya ko maburgi har gudaji su ɓace, kwaɓin ya yi sumul. Daga nan a tsaya. Yawan juyi yakan ƙarfafa danƙon alkama, kek ya fito da tauri kamar burodi.

A zuba a gwangwani a sa a wuta nan take, domin kumfa sun riga sun fara fita. A bar shi minti 30 zuwa 35. Kada a buɗe obin kafin minti 25. Idan ana so a san ko ya gasu, sai a soka tsinken sakace a tsakiya. In ya fito tsaf babu kwaɓi a jikinsa, to ya yi.

A sauke a bar shi minti 10 a cikin gwangwani, sa'an nan a juye shi a bar shi ya huce sarai. Inda babu obin, akan bi hanyar da mata ke bi a Kano da Zariya: a zuba yashi a gindin babbar tukunya, a ɗora a wuta har ya yi zafi, a aza gwangwani a kai, a rufe, a rage wuta.

5. Lulluɓin mangwaro

Masu yin kek sukan malala wa samansa ruwan 'ya'yan itace mai kauri, wanda zai daskare ya yi sheƙi. A ƙasashen Turai da jelatin aka saba daskarar da shi. Jelatin kuwa daga fata da ƙashin dabba ake samunsa, galibi alade ko saniya. Ke nan bai dace da Musulmi ba sai an tabbatar da asalinsa, bai kuma dace da ɗan Hindu ko wanda ya bar cin dabba ba. Ban da haka yakan fara narkewa idan zafi ya kai kimanin digiri 35, alhali zafin rana a Kuala Lumpur yakan kai digiri 32 ko 33 kusan kowane wata.

Mutanen Malesiya suna da abin da ya fi shi dacewa da ƙasarsu, wato agar-agar, kuma sunan ma daga harshen Malay yake. Daga wata jar ciyawar teku ake samunsa, ana kuma sayar da garinsa a ƙananan ƙunshi a kusan kowane kanti. Halinsa shi ne ba ya narkewa sai an tafasa shi. Idan ya huce ya sauko ƙasa da digiri 40 sai ya daskare. Bayan ya daskare kuma ba ya sake narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 85. Wannan hali ne ya sa Fanny Hesse ta ba da shawara a 1881 a yi amfani da shi wajen renon ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaje-gwaje na Robert Koch a Jamus, inda jelatin ke narke musu. Har yau a kansa ɗaliban likitanci suke ganin ƙwayoyin cuta suna tsiro.

Kayan lulluɓi su ne: markaɗaɗɗen mangwaro mililita 250, wato kimanin manya 2, ruwa mililita 100, sukari giram 40, garin agar-agar cokalin shayi 1, ruwan lemon tsami babban cokali 1. A zaɓi nunannen mangwaro maras zare, irin Harumanis na jihar Perlis, wanda ke nuna tsakanin Afrilu da Yuni, ko Chokanan.

A fere mangwaro a markaɗa shi luƙui, a tace. A zuba agar-agar a cikin ruwan sanyi a ƙaramar tukunya, a dama, a ɗora a wuta. Idan ya tafasa, sai a bar shi minti 2 ana juyawa, a zuba sukari da mangwaro, a juya har ya sake ɗaukar zafi, a sauke. Sai bayan an sauke za a zuba lemon tsami, domin tsami yakan raunana agar-agar idan suka daɗe tare a wuta. A bar shi ya sha iska har ya fara kauri, yatsa na iya jure ɗuminsa, sa'an nan a malala shi a tsakiyar kek ɗin da ya huce, a bar shi ya bazu da kansa. Cikin 'yan mintoci zai kama. In ya daskare a tukunya kafin a zuba, sai a mayar da shi wuta ya narke.

Wanda bai sami mangwaro ba yana iya dafa zoɓorodo mai kauri ya yi da shi. Mutanen Malesiya ma sun san shi, ana nomansa a jihar Terengganu.

6. Abubuwan lura

Idan tsakiyar kek ta lotsa, ko dai an buɗe obin da wuri, ko kwaɓin ya daɗe a ajiye. Idan ya yi ɗanɗanon sabulu, bekin soda ta yi yawa. Idan lulluɓi ya ƙi daskarewa, agar-agar bai tafasa ba. Kek ɗin da ya yi daidai yakan fito da laushi tuɓus. Saboda laimar ƙasar, a firij ake ajiye shi, a kuma cinye shi cikin kwana 3.

Wajibi ne kuma a san cewa rashin abin dabba a cikin abinci bai isa ya sa ya zama halal ba. Yawancin ruwan banila na kwalba da barasa ake jiƙa shi, shi ya sa aka zaɓi gari a nan. A Malesiya hukumar JAKIM, wadda aka kafa a 1997, ita ke kula da tambarin halal da ake gani a jikin kaya, kuma duba shi ya fi sauƙi a kan tambayar mai kanti. Haka kuma ba duk abin da yake halal ne ya dace da wanda ya bar cin dabba ba, tun da ƙwai da madara halal ne. Sa'an nan kek ɗin na alkama ne, wanda alkama ke cutarwa ba zai ci ba. Abin da ya fi kyau shi ne mai kai kwano ya faɗa wa maƙwabcinsa abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, domin ya ci da kwanciyar rai.

MA'ANAR KALMOMI

tayi: kiran mutum ya zo a ci abinci tare
kara: yin abu ko barinsa don ganin girman wani
ƙaurace wa: nisanci abu, daina kusantarsa
kwaɓi: gari da aka haɗa da ruwa ya yi kauri
ƙullu: jiƙaƙƙen hatsi da aka markaɗa
kanwa: farin ko jan dutse mai gishiri-gishiri da ake jiƙawa a sa a girki
ƙwarnafi: zafin ƙirji da tashin zuciya bayan cin abinci
ruwan khal: ruwa mai tsami ƙwarai da ake sa wa abinci
tankaɗe: raba gari da tsaki ta hanyar rariya
gudaji: ƙananan dunƙulen gari da bai kwaɓu ba
malala: zuba abu mai ruwa ya bazu a kan wuri
lotsa: faɗa ciki, yi rami
laima: danshin iska ko na ƙasa

A lura: "koko" na cakulan da "koko" da ake damawa da gasara a sha da ƙosai rubutunsu ɗaya, jimla ce ke bambanta su. "Ƙoƙo" mai lanƙwasa kuwa ƙaramar ƙwarya ce.

NAHAWU

1. Lamirin "a". Bayanin girki ba ya ambaton mai aiki, sai ya yi amfani da lamirin da bai nuna jinsi ko adadi ba. Ga siffofinsa: a zuba (umarni), an zuba, aka zuba (shuɗaɗɗen lokaci), ana zubawa, ake zubawa (lokaci mai ci), akan zuba (sabau), za a zuba (lokaci na gaba). Wajen korewa akan ce: kada a zuba, ba a zuba ba, ba a zubawa. Jerin aiki yakan zo da "idan" da "sai": Idan ya tafasa, sai a bar shi minti 2.

2. Aikatau giredi na 7. A tsarin da F. W. Parsons ya fitar a 1960, aikatau na wannan giredi yana ƙarewa da wasalin "u", yana kuma nuna cewa aiki ya kama abu sosai: gasa, gasu, dafa, dafu, haɗa, haɗu, kwaɓa, kwaɓu. Misali: Kek ya gasu. A lokaci mai ci yakan ɗauki "-wa" ya nuna yiwuwar abu: Wannan burodi ba ya ciyuwa.

3. "Ɗin". Kalmomin aro masu ƙarewa da baƙi sukan ɗauki "ɗin" a inda sauran sunaye ke ɗaukar "-n" ko "-r": kek ɗin, firij ɗin, obin ɗin, amma gwangwanin, tukunyar.

4. "Mai" da "maras". "Mai" yana nuna samuwar abu, jam'insa "masu". "Maras" ko "marar" yana nuna rashinsa, jam'insa "marasa": mangwaro mai zare, mangwaro maras zare, kwanuka masu murfi, kwanuka marasa murfi.

5. Amsa-kama. Kowace tana da kalmar da take bi: baƙi ƙirin, laushi tuɓus, markaɗa luƙui, yi sumul, fito tsaf.

TAMBAYOYI

A. A amsa da cikakkiyar jimla.
1. Me aka riƙa nomawa a Bukit Jalil kafin a gina filayen wasanni?
2. Don me kek na yau da kullum bai dace da kowane maƙwabci a unguwar ba?
3. Waɗanne ayyuka biyu ƙwai yake yi a cikin kek, kuma me ya gaje su?
4. Me ya sa ba a sa kanwa a kek, alhali tana iya tayar da kwaɓi?
5. Ta waɗanne hanyoyi biyu agar-agar ya fi jelatin dacewa da Kuala Lumpur?
6. Shin duk abincin da babu abin dabba a cikinsa halal ne? A kawo dalili.

B. A mayar da waɗannan jimloli zuwa korewa.
1. A buɗe obin yanzu.
2. An tankaɗe fulawa.
3. Ana sa kanwa a kek.
4. Za a tafasa lemon tsami.

C. A cike gurbi da aikatau giredi na 7.
1. An dafa shinkafa har ta ______.
2. An kwaɓa gari har ya ______.
3. An gasa nama har ya ______.

D. A bayyana ma'anar karin maganar "Kanwa ta kar tsami, ƙwarnafi ya kwanta", sa'an nan a kawo wani hali na zaman jama'a da za a iya faɗarta a cikinsa.

E. Aikin gida: ɗalibi ya zaɓi wani abincin ƙasarsu wanda babu nama ko ƙwai ko madara a cikinsa, ya rubuta yadda ake yinsa cikin kalmomi 150, yana amfani da lamirin "a" da amsa-kama aƙalla guda 2.